Littafin Kaye

A ɗakin ajiya na kwalejinmu a Maru,
bayan ragar da ɓera ya ci,
na tarar da littafin Malam Anaruwa,
gara ta fara masa daga gefe.

Shekara ashirin da uku na kokawa a ciki.
Jan biro ga wanda ya kayar,
shuɗi ga wanda bayansa ya taɓa ƙasa.

Nomau ɗan Bungudu: karo talatin,
kaye ashirin da takwas, kunnen doki biyu,
kambu uku a jere.
Yau faci yake yi a bakin tasha,
gwiwarsa na ƙara in zai yi sujada.
Korau na biyu, kullum na biyu,
har ya gama bai ɗaga kofin ba.

Na bi layi da yatsa na gangara,
ga ni can, na goma sha huɗu,
shuɗi ya rufe ni kamar na faɗa marina.

Amma akwai wata Laraba da littafin bai sani ba.
Bayan ɗakin kwana, ruwa ya ɗauke,
ba makaɗi, ba alƙali,
na sa wa Nomau ƙafa, ya tafi gaba ɗaya.
Shaidunmu akuya biyu da yaro mai rake.

Ya tashi yana kakkaɓe laka, yana dariya,
ya ce santsi ne.

Biro na aljihuna.
Akwai ɗan fili a ƙasan shafi.
Na daɗe a tsaye.

Wataƙila santsin ne.
Na mayar da littafin bayan raga.