Ruwan Jakar Zuciya

Da allura aka zuƙo shi
daga jakar da ta lulluɓe zuciyar Malam Sallau,
ja-ja, kamar zoɓon da ya sha ruwa.

Na shafa ɗigo a gilashi, na rina,
na sunkuya kan madubi.
Ƙwayoyin kirki na warwatse, kowacce da natsuwarta.
Waɗannan kuwa sun cure wuri guda,
idanu ƙwala-ƙwala,
baƙin da suka fi ƙarfin mai gida.

Shi ya ɗinka mini rigar angwanci a Ƙofar Sauri,
bai karɓi cikon kuɗin ba.

A baranda 'yarsa Tasalla na rungume da fulas ɗin kunu,
tana tambayar masinja ko an gama.

Sau uku na duba.
Biro ya yi nauyi.
Na rubuta: sankara.