Kalmar da Muka Ajiye

Gobe Larabar toka.
Na taso daga likita ƙafafuna a kumbure,
na zauna a benci na uku, inda fanka ke kaiwa in da wuta.
Yau babu.
Kaye biyu a cinyata, da littafin waƙa
wanda bangonsa ya rabu da shi tun zamanin Mompe mai babur.

Kwana arba'in a gabanmu, waƙoƙina talatin da ɗaya,
sha tara a cikinsu na ɗauke da kalmar nan
da ba a furta ta sai daren Tashi.
Ina bi da jan biro ina kewaye ta,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
sai dai nan tsakuwar ta fi shinkafar daɗi.

Mu nawa ne ma a Tawa?
In mun cika, benci goma sha huɗu.
Kosi tela na son ta garinsu, mai murya huɗu,
mu kuwa murya biyu gare mu da rabi,
rabin shi ne Filomen, in tari ya ƙyale ta.
Mosawa sun ce bara an danne su.
Ƴan Arewa sun ce a yi da Hausa, Allah na ji.
Na ce duk yana ji, ni ce ba na iyawa.

Barmu ya shigo rungume da gangarsa.
Ya ce, Malama Sesil, ko da yatsa ɗaya?
Na ce rataye ta.
Ya rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofa,
kusa da kaskon da muka ƙona kabar bara,
ya shafa fatar kamar mai sallamar ɗa a tasha.

Sai ga Inna Madalen da sandarta.
Wata biyar ke nan da muka kai Gado makwanci,
shi da ke jan baitin farko tun ban iya ɗaurin zane ba.
Ta ce a sa ta mijinta ranar Lahadi.
Na buɗe shafin, jan biro har wuri shida.
Na ce, Inna, sai an yi haƙuri.
Ta ce, waƙa nama ce da za a hana ni ita?
Ban amsa ba. Ladan ya kira magariba daga ƙetaren hanya,
na fake da shi na tattara kayana.

Na zaɓi bakwai, masu tafiya a hankali
irin tafiyar mai ɗauke da tulu a ka.
Ɗaya ta ɗan da ya koma gida,
ɗaya ta Kosi, mun rage mata murya biyu, ya yi kwana uku bai gaishe ni ba,
sauran na neman jinƙai ne, baki kawai, ba tafi.
Ranar farko na ji numfashin mutane tsakanin baitoci.
Ashe da can ganga ke rufe shi.

Asabar ta uku na zo ɗaukar kayen da na manta.
Inna na shara ita kaɗai, tana rera ta Gado ƙasa-ƙasa.
In ta iso wurin kalmar sai ta yi shiru,
tsintsiyar ma ta tsaya,
daidai tsawon da kalmar za ta ci,
sannan su ci gaba tare.
Sau shida. Na ƙirga daga bakin taga.

Ban shiga ba. Na bar kayen ya kwana can.
Da na isa gida na yagi bayan takardar magani,
na rubuta: daren Tashi, bayan an hura wuta,
ta Gado, Inna ce za ta ja.
A gaya wa Barmu ya shanya fatar tun Alhamis.