Girgiza Kai a Plovdiv

Ranar da na iso Plovdiv
na tambayi direba ko motarsa za ta asibitin koyarwa.
Ya girgiza kai. Na sauka.
Direbobi uku suka girgiza min kai
kafin wata yarinya ta ja hannun rigata:
a nan, in an girgiza, i ake nufi.

Shekarar farko ban yafe musu komai ba.
Sanyi mai bin ƙashi kamar mai bin bashi,
matar ofishin biza da ke ɗaga fasfona da yatsu biyu,
samarin da suka raka ni da kukan biri a gadar Maritsa.
Na rubuta wa yayana: zuciyar mutanen nan a kulle take,
makullin kuma ya faɗa kogi.

Baba Velichka, mai gidan da nake haya,
harshenta bai taɓa ɗaukar Mudassir ba.
Mudo take cewa, ta dire kwanon kindirmo a bakin ƙofa,
ta hau faɗan kuɗin wuta.
Da Maris ya kama ta ɗaura min zare ja da fari a wuyan hannu:
kada ka cire sai ka ga shamuwa.
Na ce shamuwa ai daga wajenmu take zuwa.
Ta ce to, ita ma haya take a rufin coci,
kuma ba ta biya.

Shekara ta huɗu, ɗakin masu ciwon zuciya,
wani tsoho ya ce kada in taɓa shi.
Cikin dare numfashi ya sarƙe, ya lalubo hannuna,
ya riƙe har gari ya waye.
Bai ba ni haƙuri ba. Ni ma ban nema ba.

Yanzu in sabon ɗalibi ya ce ƙasar nan ba mutanen kirki,
sai in ji raina ya ɓaci,
ni da na faɗi abin da ya fi haka muni.
In kuma ɗan gari ya ce su ba su san wariya ba,
sai gadar ta dawo min.

Jibi zan tafi.
Velichka na cusa kwalbar jajjagen barkono a akwatina,
nauyin da za a ci ni tara a kansa.
Ta ce, Mudo, za ka dawo?
Na girgiza kai.
Ta tsaya, murfi a hannu, tana dubana,
tana so ta gane da wane yare na amsa.