Mataki na Huɗu

Ban ɗora ko tubali ɗaya a manhajar nan ba.
Masu ginin suna Dakar, suna Bamako,
ɗaya ma an ce yana wata ƙasa
inda rana ke faɗuwa kafin la'asar.
Sun haƙa rijiya, sun bar ta a buɗe,
ba mai gadi, ba kuɗin shiga.
Ni guga kawai nake ɗinkawa.

Da dare, in na rufe kantin magani a Ali Ɗan Tsoho,
in ba a ɗauke wuta ba,
in Ma'u ta yi barci da littafin lissafi a ƙirji,
sai in buɗe na'ura bisa tabarma,
in rubuta: Ka danna nan. Ka jira. Za ka ga kaza.

Kalma ɗaya ta ci mini mako biyu.
Me ake kiran abin da ake yi
don kada lissafi ya bi waya cikin randa?
A fadar shayi ta bakin tasha Barmo ya ce:
“Ai iri ne.
Wanda manomi ke ratayewa a rumbu,
ba ya taɓa shi ko yunwa ta yi ƙaho.”
Na rubuta “ajiyar iri”.
Ban biya shi ba. Shayin ma shi ya zuba.

Ndeye, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta duba aikin.
Ba ta jin Hausa, hotuna ta bi ɗaya-ɗaya,
ta ce na uku ya tsufa, maɓallin ya koma hagu.
Na gyara, ta karɓa.
Na kwana kamar wanda ya yi wa soro rufi.

Sai ga Habsu ta Jiratawa bisa kabu-kabu,
mai riƙe wa matan man gyaɗa lissafi,
waya ɗaure a bakin zane, tana ƙanshin tunkuza.
“Malam, takardarka ta kai ni bakin gulbi
ta bar ni ba kwalekwale.
Na yi na ɗaya, na yi na biyu, na yi na uku.
Na huɗu ya ce ka zaɓi ƙungiyarka.
Wace? Wurin fari fat.
Kuma wane ne ‘ka’ ɗin nan?
Mu mata arba'in da biyu ne.”

Na duba.
Ashe sai an ƙirƙiri ƙungiyar tukuna.
Hannuna ya yi hakan sau ɗari
har idona ya daina gani,
kamar dokin ƙofar ɗakinka
da kake tsallakewa cikin duhu,
baƙo kuwa ya bar farce a wurin.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Gugan nan kuwa ɗinkina ne.

Na ba ta benci, na harɗe hannuwana a baya
don kada su ƙwace wayar.
Duk inda yatsanta ya tsaya a iska
na ja layi a bayan kwalin magani.
Layi bakwai.
Mai sayen maganin tari ya gaji ya tafi.

A daren na kori “ka” daga shafi sha tara.
A danna. A jira. Za a ga kaza.
Mataki na huɗu ya haifi ƙane.

Sunana yana can ƙasan jeri,
tsakanin wani ɗan Lome
da wani mai haruffa uku da lamba.

Habsu ba ta dawo ba, ba ta kira ba.
Na daɗe kafin in gane
shirun nan shi ne ladan.
Kwalbar mai dai ta zo hannun direba, ba wasiƙa,
Ma'u ta soya dankali da shi.

Jiya Ndeye ta rubuto:
sabon fitowa na nan tafe,
maɓallin zai koma dama.