Matakala Uku

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin nan,
a makarantarmu ta Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa.
Na san yawan littattafai, dubu biyu da ɗari da tara,
na san wanda gara ta ci, na san wanda yoyon rufi ya jiƙa.
Abu ɗaya ne ban taɓa ƙirgawa ba:
matakalar bakin ƙofa.

Uku ce. Barmani ce ta gaya mini.

Ran wata Talata, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana tururi,
ta tsayar da kekenta inda siminti ya fara tudu,
ta ce, "Malama, a miƙo mini ta taga."
Na ce, "Wanne?"
Ta ce, "Ina zan sani? Ban taɓa ganin kantar ba."

Maganar ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa.
Malam-buɗe-littafi yakan shigo ɗakin nan ba sallama,
ga mai neman buɗe littafi a waje tana jira.
Karatu ai kiwo ne:
ka shiga, ka ɓata, ka ɗaga wannan ka ajiye,
ka tafi neman lissafi ka dawo da labarin teku.

Na rubuta takarda zuwa ofis. Na sake rubutawa.
Damina ta wuce, takarda na barci a cikin fayil.
Iyayen yara suka haɗa buhun siminti huɗu,
Baba Yohanna birkila ya zo da igiyar awo,
ya tsuguna, ya daɗe yana duban tayar keken,
ya ce, "Gangara ba ta son gaggawa.
In ta miƙe tsaye, wata matakalar ce ta sake riga."

Ran da ta bushe muka taru, har da tafi.
Barmani ta hau, ta iso ƙofa,
ƙofa ta ƙi ta da faɗin yatsa uku.
Ba wanda ya dubi wani.
Baba ya koma gida ya ɗauko guduma.

Ashe bayan matakala akwai matakala.
Kanta ta sama matakala ce.
Ga Ishaya, wanda yatsunsa ne idanunsa,
kowane shafi bango ne mai santsi.
Littafin ɗige-ɗige guda muke da shi,
ya shafa shi har ɗigon ya soma kwanciya.
Yanzu duk Alhamis 'yan aji biyar na karantawa a wayata,
murya bayan murya, da tari, da dariya,
da kukan jirgin ƙasa a tsakiyar babi na shida.
Ya ce kada a goge jirgin, da shi yake gane inda ya tsaya.

Habila kuwa, ƙararrawar tashi ba ta zuwa kunnensa.
Sau ɗaya saura kaɗan in kulle shi a ciki.
Yanzu fitila nake kashewa in kunna,
in an ɗauke wuta, in je in taɓa teburinsa.
Ya koya mini "na gode" da hannu.
Har yau in na yi, dariya yake.

Ba mu gama ba.
Bayan gida na nan da tudunsa, siminti ya ƙare,
takardata ta uku tana hanya.

Amma jiya Barmani ta dawo da littafin kiwon zuma,
wanda ta zaɓa da kanta bayan awa guda tana zagaye.
Ta makara da kwana tara.
Na buɗe rajista, na ci ta tarar naira hamsin
kamar kowa.
Ta biya tana gunaguni,
ta juya keke, ta nufi kantar tarihi,
ba ta ko waiwaye ni ba.