Awon Kafinta

Uwani ta dawo daga Samaru da magana:
wai duniya awo uku gare ta,
tsawo, faɗi, kauri,
na huɗu lokaci.

Na ajiye zarto.
Shekara talatin ina yankan katako a Tudun Wada,
ban ga wanda ya naɗa tsawo na ɗaya ba.
Ga falanki, na juya shi,
tsawon ya koma faɗi,
bai ce uffan ba.
To wane ne wa, wane ne ƙane?

Zaren da kike cewa tsawo ne zalla,
je ki tambayi kafar allura.

Na lokaci kam na yarda.
Ƙyauren da na yi wa Alhaji Barau a Gyallesu
ya zauna daram da rani,
damina ta sauka, ya ƙi rufuwa.
Tef ɗina bai yi ƙarya ba,
watan ne ban auna ba.

Ta ce wasu na ƙirga goma sha ɗaya,
sauran a nannaɗe suke, ido ba ya kai musu.
Na dubi sassaƙen da ya murɗe a ƙarƙashin benci.
Na ce: yi sharar a hankali,
kada ki kwashe da na biyar.