Cokali Mai Jan Zare

Ranar Alhamis na dawo daga Maigatari
da magani a aljihun gaba,
kusa da ɓarin goron da na rage.
Ɗan fakiti ne, bai cika tafin hannu ba,
da zanen tunkiya ƙosasshiya a jikinsa,
ba irin dabbobina ba, da tsutsa ta tsotse
har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin zaure.

Mai shagon ya yi bayani, ban tsaya ji ba.
Mota na kira, saura mutum ɗaya.

A gida na yage shi da haƙori.
Gari ya tashi, fari fat, mai laushin madara,
iska ta maido mini shi a fuska.
Atishawa uku, ido na ruwa, maƙogwaro na ɗaci,
na ce ai ɗacin magani shi ne aikinsa.
Na ce Tabawa, ara mini cokalin miya.
Na dama a kwanon sha, na auna da ido,
uwa da ɗa duk awo ɗaya,
ruwan ɗauraya na watsa gindin zogale
inda kaji ke tono.

Kafin la'asar ɗan akuyar da aka yaye
yana tangaɗi, kumfa a baki.
Kaza mai 'ya'ya bakwai ta kwanta, ba ta tashi ba.
Wannan asara ce, mai kiwo ya saba da ita.
Abin da har yau ke tashe ni cikin dare
shi ne leƙawar da na yi bayan rumbu:
Ummita, shekararta uku,
ta baje kasuwar wasa da murafen kwalba,
tana karkaɗe sauran garin a tafinta,
yatsa ɗaya ya yi fari, ya kama hanyar baki.

Ban san na iya tsalle ba sai ranar.

Malam Ɗayyabu na dabbobi ya iso kan babur
ana kiran magariba.
Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.
Ya ce a wanke mata hannu, a kai ta asibiti
da fakitin, ko da tana dariya.
Muka kai ta Gumel, muka dawo da ita tana barci lafiya.
Washegari ya zauna kan turmi ya ce:
abin da ke kashe tsutsa a cikin hanji
bai san sunan kowa ba,
ba ya tambayar wane ne mai gida.

Yanzu in zan buɗe shi, almakashi nake nema.
In ba iska baya, in ja ƙyalle kan hanci,
in zura hannu a leda in babu safa.
Kowace dabba da nauyinta, da awonta,
wanda ban gane ba ina tambaya,
mota ta tafi in za ta tafi.
Fakitin da ya ƙare rami nake haƙa masa
can nesa da rijiya,
sannan sabulu har gwiwar hannu
kafin in taɓa goro.

Nono ne mai ciwo.
Kwanakin da aka rubuta, zubarwa ake yi.
Tabawa na karkata ƙwarya tana cije leɓe,
kuɗin gishirinta ne ke bin ƙasa.
Da Sale mahauci ya zo taya rago
na ce ya ƙirga kwanaki ya dawo,
ba zan sayar wa gari abin da ba zan ci ba.
Ya tafi yana gunaguni.

Na ware cokali, na ɗaura masa jan zare,
yana saƙale a azarar rumfa, inda sai na yi ɗage.
Jiya Ummita ta hango shi.
Baba, cokalin wa?
Na ce na akuya.
Ta yi shiru, sannan ta ce: akuya na shan miya?

Cikin 'yan tsakin nan bakwai, biyar sun rayu.
Suna tono gindin zogale har yanzu,
ni kuma ba na zubar da komai a can.